Wa Ya Biya Kuɗin Kamfe? Zaɓen Kansiloli a Bonkuku da Lissafin da Doka Ba Ta Nema Ba

Ranar Lahadi, 13 ga Disamban 2020, mutanen Bonkuku da sauran ƙauyukan Imanan, a gundumar Filinge ta jihar Tilaberi a Nijar, suka yi layi don zaɓen kansilolin ƙaramar hukumarsu. Kwana goma doka ta ba 'yan takara su nemi jama'a, daga 2 zuwa 11 ga wata. Kwana goman kamfe a ƙasar Filinge kuwa kowa ya san kamanninsu: motoci masu lasifika suna hawowa daga Yamai ta kwaltar Baleyara, zannuwa da riguna masu tambarin jam'iyya, tukwanen shinkafa a gidan shugaban reshe, sukari da ganyen shayi ga samarin fada, ɗan goro ga maroƙa, abin sadaka ga malaman da za su yi addu'a. Da aka rufe rumfuna, hukumar zaɓe ta CENI ta ƙirga ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya, aka san kujera nawa kowace jam'iyya ta ci. Amma babu wani ofishi a Bonkuku, ko a Filinge, ko a Tilaberi, da doka ta ce a kai masa takarda mai nuna cewa 'yan takarar jam'iyya kaza sun kashe kaza, kuma wane da wane ne suka biya.

Mai karatu na iya cewa, to me ke cikin kujerar kansila a Imanan har da za a tsaya bin diddigin kuɗinta? A lokacin kansila ba ya da albashi, sai ɗan alawus na zaman majalisa. Ƙaramar hukumar ma ba mai arziki ba ce. Tana kwance ne a kwarin Dallol Bosso, inda ruwa ke kusa da hannu, shi ya sa dankalin turawan Bonkuku ya yi suna a kasuwannin Yamai. Bayan shi sai gero da kiwo da abin da 'yan ci-rani suka aiko. Kuɗin da ke shiga asusun ma'aikatar magajin gari, wato shugaban ƙaramar hukuma, a irin waɗannan wurare harajin kai ne, wanda aka daɗe ana karɓa a kan dala 140, wato sefa 700 ga mutum, sai harajin kasuwa da na tasha da na cinikin dabbobi, sai abin da gwamnati da masu ba da agaji suka ƙara.

Ƙanƙantar asusun ita ce ma ta sa batun ya yi nauyi. Har zuwa 2024, magajin gari shi ke sa hannu a kan kwangilar gina aji da gyaran rijiya da rumfunan kasuwa. A ofishinsa ake zaɓar masu yankan tikitin haraji ranar kasuwa. Idan za a yanka filaye, ko wata ƙungiyar agaji ta zo tana neman ƙauyen da za ta fara da shi, ko aka kawo hatsin farashi mai rahusa a shekarar da damina ta yi gardama, ta wurinsa ake bi. Tun 2016 kuma gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani kaso na iko a fannin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Wanda ya zuba sefa miliyan biyu ko uku a kamfen wata jam'iyya a irin wannan wuri ba zai jira riba daga baitulmalin Yamai ba. Daga wannan ɗan asusu za a biya shi, kuma aji ɗaya da aka gina da siminti rabin ƙa'ida ya isa ya mayar masa da kuɗinsa.

Zaɓen ƙananan hukumomi ba tsohon abu ba ne a Nijar, kuma tarihinsa cike yake da tsaiko. Wanda aka yi ranar 7 ga Fabrairun 1999 ya ƙare da rikici: Kotun Ƙoli ta soke sakamako a wurare da yawa, kwana kaɗan bayan haka, ranar 9 ga Afrilu, aka kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara. Sai 24 ga Yulin 2004 aka yi zaɓen da ya kafa majalisu a ƙananan hukumomi 265, a lokacin ne Imanan da Kurfai ta Tsakiya da Tondikandiya da Filinge suka sami zaɓaɓɓun magadan gari. Na Disamban 2009, zamanin tazarcen Shugaba Tandja, 'yan adawa suka ƙaurace masa, juyin mulkin Fabrairun 2010 ya share shi. Aka sake a Janairun 2011. Wa'adin waɗannan kansiloli ya kamata ya cika a 2016, amma aka yi ta ƙara musu watanni har kusan shekara goma suka yi a kan kujera. A duk waɗannan zaɓuɓɓuka an yi gardama kan rajistar masu zaɓe, an yi kan wakilan rumfa, an yi kan ranar zaɓe. Gardamar da ba a taɓa yi da gaske ba ita ce ta lissafin kuɗin ɗan takara.

Ba wai dokar Nijar ta yi shiru gaba ɗaya kan kuɗin siyasa ba ne. Dokar jam'iyyu ta 16 ga Disamban 2010, wadda gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta bari, ta wajabta wa kowace jam'iyya ta riƙe littafin shige da ficen kuɗinta, ta kai shi kowace shekara, kafin ƙarshen Maris, gaban kotun bin diddigin kuɗin ƙasa, wato Cour des comptes. Ta ce a bayyana wa ma'aikatar cikin gida kyaututtukan da jam'iyya ta karɓa, ta kuma sa iyaka ga abin da za a iya karɓa daga waje. Ta ware kashi 0.30 cikin ɗari na harajin da ƙasa ta tara a shekara don tallafa wa jam'iyyu, kuma yawan kansilolin da jam'iyya ta ci yana cikin ma'aunin rabon. Ke nan, a lokacin, kujerar da aka ci a Bonkuku tana kawo wa uwar jam'iyya kuɗi a Yamai. Ita kuma dokar zaɓe ta 2017, wadda aka yi wa gyara a 2019, ta haramta rabon kuɗi ko kaya don karkatar da mai zaɓe, ta haramta amfani da motoci da dukiyar gwamnati wurin kamfe, ta hana sarakunan gargajiya shiga ciki.

A takarda, abin ya yi kyau. Matsalar ita ce wanda dokar ta kama da inda ta kama shi. Jam'iyya ta kama, ba 'yan takara ba. Hedikwata ta kama, ba reshe ba. Lissafin shekara ta nema, a kai shi wata kotu a babban birni, nisan tafiyar sa'o'i daga kasuwar Bonkuku. Ba ta sa iyakar abin da za a kashe a kamfe ba. Rahotannin kotun da kanta sun sha nuna cewa cikin jam'iyyun ƙasar, waɗanda suka haura 150, kaɗan ne ke kai lissafin, kuma waɗanda suka kai ɗin ma sau da yawa babu cikakkun rasiɗai. To ko da a ce duk sun kai, me ma'ajin jam'iyya a Yamai ya sani game da buhu ashirin na shinkafa da wani ɗan kasuwa ya sauke a gidan ɗan takara a wani ƙauyen Kurfai? Bai gani ba, bai karɓa ba, ba zai rubuta ba. Masu takara da ba su da jam'iyya kuwa, waɗanda doka ta yarda su tsaya, ba su ma shiga wannan raga ba.

Wanda ke son sanin yadda kuɗin ke tafiya da gaske sai ya duba aikin cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, wadda masu bincikenta suka daɗe suna bin rayuwar ƙananan hukumomi da dama, har da Filinge da Baleyara. A 2015 suka fitar da littafi a kan al'adar zaɓe a ƙauyukan Nijar, mai suna Élections au village, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan. Hoton da ya fito daga irin wannan bincike ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a ƙauye lokacin zaɓe. Uwar jam'iyya takan aiko da wani abu, amma yakan zo a makare, kuma yakan ragu a kowane hannu da ya ratsa. Ƙarfin kamfe yana wurin 'yan asalin gari mazauna waje: babban ma'aikaci a Yamai, ɗan majalisa ko mai neman zama ɗan majalisa, ɗan kasuwa a Kwatano ko Lome ko Abijan ko Legas. Su ke ba da mota, su ke zuba mai, su ke aiko da atamfa. Sau da yawa kuma su ke faɗin sunan da za a sa a saman jerin 'yan takara.

Wannan magana ta jeri tana da muhimmanci. A zaɓuɓɓukan ƙananan hukumomin Nijar da aka yi har zuwa 2020, ba mutum ɗaya ake zaɓa a mazaɓa ba. Jerin sunaye jam'iyya ke kawowa, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Wanda sunansa ke na ɗaya ko na biyu a babbar jam'iyya kusan ya ci tun kafin a buɗe rumfa, na goma kuwa cike gurbi ne. Saboda haka ciniki na farko ana yin sa ne a ɗaki, makonni kafin kamfe, lokacin tsara jeri. Dokar kason mata, wadda ta fara da kashi 10 cikin ɗari a 2000, ta koma 15 a 2014, ta kai 25 a 2019, ta buɗe wa mata ƙofa, amma ba ta ba su kuɗin mai ba. Macen da ke shugabantar ƙungiyar masu noman rani, wadda kowa ya san amanarta, idan ba ta da mai ɗaukar nauyinta sai a jefa sunanta inda doka ta tilasta kawai.

Ciniki na biyu ya fi na farko zafi, kuma shi ne wanda masu kwafo dokokin ƙasashen waje ke mantawa da shi. A tsarin da aka bi har zuwa 2024, jama'a ba su zaɓen magajin gari kai tsaye. Kansiloli ne ke zaɓarsa a tsakaninsu bayan an tabbatar da sakamako. Majalisar ƙaramar hukumar karkara takan fara daga kujera 11, ta ɗan haura gwargwadon yawan jama'a. Idan jam'iyya uku ko huɗu suka raba irin wannan majalisa, kansila ɗaya ko biyu ne ke yanke wanda zai riƙe hatimi shekara biyar. A wannan tsakani ne ake jin an kwashi kansiloli an kai su wani gida a birni an ajiye har ranar zaɓe, ana jin an rantsar da wasu da Alƙur'ani, ana jin wane ya kwana a wannan ɓangare ya wayi gari a wancan. Kuɗin da ake iya kashewa a kan mutum biyu a wannan mako yana iya fin abin da aka kashe a kan ƙauye goma lokacin kamfe. Haka kuma abin ke dawowa duk lokacin da aka tashi ƙuri'ar yanke ƙauna ga magajin gari. Duk dokar da lissafinta ya tsaya a daren rufe kamfe ta bar babban ɓangaren kuɗin a waje.

Olivier de Sardan ya rubuta a farkon 2016 cewa mai mulki a Nijar yana cikin kurkuku huɗu, ya sa na manyan 'yan kasuwa a farko: su suka biya kamfe, don haka su ake biya da kwangila da sassaucin kwastan. A kan fadar shugaban ƙasa yake magana, inda kuɗin ajiyar takara kaɗai ya kai sefa miliyan 25 a zaɓen 2020. Amma magajin garin karkara ya fi shiga uku, domin shi mai binsa bashi ba baƙo ba ne. Ɗan garinsu ne, wataƙila surukinsa, kuma za su haɗu a wurin suna da jana'iza.

Kafin a ce Nijar ta yi koyi da maƙwabta, ya kamata a duba abin da maƙwabtan suka girba. Najeriya tana da lambobi a rubuce. Dokar zaɓenta ta 2022 ta ce mai neman shugabancin ƙaramar hukuma kada ya kashe fiye da naira miliyan 30, mai neman kansila kada ya wuce miliyan 5, mutum ɗaya kada ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50. Ta ce jam'iyya ta kai wa hukumar INEC rahoton gudummawar da ta karɓa cikin wata uku bayan sakamako, da cikakken lissafin kamfe cikin wata shida. Sai dai INEC ba ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi sai a guda shida na birnin Abuja. Sauran, cikin 774, hukumomin zaɓen jihohi ne ke yi. A Kano, gabanin zaɓen 26 ga Oktoban 2024, hukumar zaɓen jihar ta sa kuɗin fom naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga mai neman kansila, sai da aka je kotu kafin ta ɗan rage. A lura da wannan: kuɗin fom kaɗai ya yi daidai da duk abin da dokar tarayya ta yarda mai neman kansila a Abuja ya kashe tun daga farko har ƙarshe. Malamin firamare ko mai shagon unguwa a ina zai samo shi, in ba wurin uban gida ba? Da aka yi zaɓen, jam'iyya mai mulki a jihar ta lashe ƙananan hukumomi 44 da kujerun kansila 484 duka, kamar yadda masu mulki ke yi a yawancin jihohi ko wace jam'iyya ce.

Jamhuriyar Benin ma ta sa iyaka, har ga masu neman kujerar ƙaramar hukuma, ta kuma nemi a kai lissafi kotu bayan zaɓe. Darasin ƙasashen biyu ɗaya ne: lambar da aka rubuta a doka ba ta tsorata kowa idan babu mai duba ta. Iyakar kashe kuɗi ita ce ɓangaren da ya fi daɗin rubutawa, ita ce kuma ta fi wuyar tabbatarwa.

Faransa, wadda Nijar ta gaji yawancin tsarin dokokinta, ta kafa hukumar duba lissafin kamfe a 1990, ta hana kamfanoni ba da gudummawa a 1995. Mutum ba ya ba da fiye da yuro 4,600 a zaɓe ɗaya, abin da ya haura yuro 150 ba a ba da shi hannu da hannu, kuma duk kuɗin sai sun bi ta hannun wakili guda da asusun banki guda. Wanda aka ƙi lissafinsa yana iya rasa kujera, a hana shi takara har shekara uku. Tsari ne mai haƙora, tunda ya ciji har tsohon shugaban ƙasar Nicolas Sarkozy a kan kamfensa na 2012. Amma yana buƙatar banki da akanta, kuma Faransa kanta ta yafe wa garuruwan da ba su kai mutum 9,000 ba. Imanan ta ninka wannan adadi fiye da sau uku, ba ta kuwa da akantocin da za su bi kowane jeri.

Misalai biyu sun fi kusa da abin da zai yiwu. A Ingila, duk mai neman kansila, ko ya ci ko ya faɗi, ko bai kashe ko sisi ba, sai ya kai takardar lissafinsa ga jami'in zaɓe na yankinsa cikin kwana 35, ya rubuta sunan duk wanda ya ba shi fiye da fam 50. Takardar tana zama a ofishin yankin shekara biyu, kowa na iya zuwa ya duba. A jihar Kerala ta Indiya kuwa, mai neman kujerar majalisar ƙauye yana da kwana 30 ya kai lissafinsa, kuma bayan zaɓen 2020 hukumar zaɓen jihar ta hana mutum sama da 9,000 takara na shekara biyar saboda ba su kai ba ko sun wuce iyaka. Abin da ya haɗa su shi ne takardar gajera ce, ana ajiye ta kusa da masu zaɓe, kuma hukuncin rashin kai ta ba ya buƙatar dogon bincike: ko ka kai, ko ba ka kai ba.

Masu cewa wannan ba zai yi aiki a ƙasar Kurfai ba suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Na farko suna cewa kyauta al'ada ce. Ɗan takarar da ya shiga ƙauye hannu rabbana, bai ba tsofaffi goro ba, bai ajiye wa mata kuɗin cefane ba, ba za a ce mai gaskiya ne ba, za a ce marowaci ne. Haka ne. Amma bayyana lissafi bai hana kowa kyauta ba. Cewa ya yi a rubuta. Rubuta kyauta kuwa ba baƙon abu ba ne a gidajen Hausawa: ranar biki akwai wadda ake zaunarwa da littafi tana rubuta wance ta kawo kaza, wance ta kawo kaza, don kowa ya san akwai ranar ramawa. Gudummawar kamfe ma ana ramawa, sai dai da kuɗin jama'a ake yi, shi ya sa jama'a ke da haƙƙin ganin littafin. Hujjar rashin ilimi ma ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato. Doka ta riga ta ce magajin gari sai mai takardar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ko makamanciyarta, don haka kowane jeri mai neman mulki yana da wanda ya iya rubutu. Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza da Amana ma da rasiɗi suke zuwa, da sunan mai aikowa.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi, wato tsaro. Arewacin jihar Tilaberi wuri ne da 'yan bindiga ke karɓar abin da suke kira zakka a kan dabbobi, suna farautar masu gari da duk wanda aka sani da hannu da shuni. Ranar 2 ga Nuwamban 2021 aka kashe magajin garin Banibangu tare da mutanensa, gwamnati ta ce mutum 69 suka mutu. Gundumar Filinge kanta ta shiga dokar ta-ɓaci tun 2020, shekarar da aka hana hawa babura a sassa da dama na jihar, abin da ya ƙara wa kamfe tsada tunda sai mai mota ke iya zagaya ƙauyuka. A irin wannan yanayi, liƙa takarda a bangon ma'aikatar magajin gari mai cewa Alhaji wane na ƙauye kaza ya ba da miliyan ɗaya yana iya zama nuna wa ɓarawo ƙofa. Duk wanda ya yi watsi da wannan bai san yankin ba. Amsar ita ce a raba abin gida biyu: jimillar abin da kowane jeri ya samu da abin da ya kashe a bayyana wa kowa, sunayen manyan masu bayarwa kuma a ajiye su wurin alƙali a Filinge. Ranar da ɗaya daga cikinsu, ko kamfaninsa, ya nemi kwangila ko fili ko aikin karɓar haraji a ƙaramar hukumar, a ranar ce sunansa zai fito, a karanta wa majalisa kafin a sa hannu. Mai bayarwa don Allah ko don zumunci babu abin da ya taɓa shi.

Ta uku ita ce tsoron kada dokar ta zama sandar dukan 'yan adawa. Mutanen Filinge ba su buƙatar a yi musu bayanin yadda shari'a da siyasa ke cakuɗewa: a gidan kason garinsu Hama Amadou yake tsare lokacin da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2016 har ya kai zagaye na biyu. Ɗan kasuwar da aka san ya taimaki jam'iyyar da ta faɗi yana iya wayar gari da masu binciken haraji a ƙofar shagonsa. Maganin wannan shi ne kada takardar ta bi ta hannun wanda gwamnati ta naɗa, kuma hukuncin ya zama iri ɗaya ga kowa, ba tare da wani jami'i ya zaɓi wanda zai bincika ba: jerin da bai kai lissafi ba cikin wa'adi, kansilolinsa ba su zama a majalisa, ba su jefa ƙuri'ar zaɓen magajin gari, ko da na jam'iyya mai mulki ne. Tara ba ta da amfani a nan. Wanda ya iya sayen kujera zai iya biyan tara.

Yau duk wannan magana ce ta gaba, domin babu kansila a Imanan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, ɗan Tukunus a wannan gunduma ta Filinge, an rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a farkon Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi a madadinsu. A Maris na 2025, bayan babban taron ƙasa na Fabrairu, aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa mai wa'adin shekara biyar, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Ɗaya daga cikin laifuffukan da aka ɗora wa tsohuwar siyasa shi ne ta zama kasuwa. Zargin yana da gaskiya a cikinsa, amma naɗa kantoma bai kawar da tambayar ba, ya dai sauya mata wuri: shi ma yana sa hannu a kwangila, kuma babu majalisar da za ta tambaye shi. Rusa jam'iyyu kuma bai rusa 'yan kasuwa da manyan 'yan gari ba. Ranar da aka sake buga gangar zaɓe, da jam'iyya ko babu, su ne dai za su ba da motoci.

Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta yaƙi da cin hanci, wadda aka ƙulla a Maputo a 2003, kuma sashe na 10 nata ya nemi a sa gaskiya a fili wajen kuɗin jam'iyyu. Tunda dole ne a rubuta sabuwar dokar jam'iyyu da sabuwar dokar zaɓe kafin a koma rumfa, wurin da za a sa wannan gyara a buɗe yake, kuma abin da ake buƙata bai fi 'yan sassa kaɗan ba. Kowane jeri ya naɗa ma'aji ɗaya da sunansa zai shiga takardun takara. Lissafin ya fara daga ranar tsara jeri, ya haɗa da kaya da aron mota da mai, ba tsabar kuɗi kaɗai ba. A kai kashi na farko kafin majalisa ta zauna, na biyu bayan an zaɓi magajin gari. Fom ɗin kada ya wuce shafi biyu, a yarda a cike shi da Faransanci ko Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, a karanta jimillar a rediyon karkara da ranar kasuwa. Wasu za su yi ƙarya a ciki, babu shakka. Amma a garin da kowa ya ƙirga motocin da suka shigo, wanda ya rubuta mota biyu alhali an ga shida ya ba abokan hamayyarsa abin kai ƙara, wanda a zaɓen 2004 da 2011 da 2020 ba su da shi.

Kira dai ga waɗanda za a ɗora wa rubuta sabuwar dokar, da ƙungiyoyin manoman rani da na mata da 'yan asalin Imanan da Kurfai mazauna Yamai waɗanda ake jin maganarsu: su nemi a sa wannan sashe tun dokar tana kan tebur, kafin a san wanda zai tsaya takara da wanda zai biya masa.